KO SHAFIN INTANET YA ISA YA ZAMA MAƘWABCI?

A zamanin nan, idan baƙin ciki ya danne mutum da tsakad dare har barci ya ƙi zuwa, sau da yawa ba ƙofar ɗan'uwansa ya kan fara ƙwanƙwasawa ba. Wayarsa ya kan ɗauka. A can ya kan rubuta tambayar da ba ya iya yi wa uwarsa, ko matarsa, ko pastonsa. Saboda haka likitoci da ƙungiyoyi a ƙasashe da yawa suka buɗe shafuffuka a intanet domin su tari irin wannan mutum tun bai yi wa kansa lahani ba. Tambayar da mu ke so mu duba a wannan wata ita ce: daidai ne a miƙa wa shafi mutumin da ya gaji da ransa? In kuwa daidai ne, ko yin haka ya sauke mana nauyin da ke wuyanmu?

Kada wani ya ce abin nan na nesa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 727,000 suka kashe kansu a shekara ta 2021, watau kusan mutum 2,000 kowace rana. Kashi 73 cikin 100 nasu kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali su ke. A cikin samari da 'yan mata masu shekara 15 zuwa 29, wannan shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi jawo mutuwa a shekaran nan. A 2022 kuma ofishin hukumar na Afirka ya sanar cewa yankinmu ya fi kowane yanki, mutum 11 cikin kowane 100,000 a shekara, alhali kuwa na duniya duka 9 ne. Bayan kowane ɗaya da ya mutu akwai da yawa da suka gwada suka tsira, akwai kuma uwa da 'ya'ya da abokai waɗanda za su ɗauki kayan nan har tsufansu.

ME YA KORE SHI DAGA WURIN MUTANE?

Kafin mu yi wa shafi shari'a, ya kamata mu tambayi abin da ya sa mutum ya gwammace gilashin waya da fuskar ɗan'uwansa.

Na fari kunya ce. An rene mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya kuka, macen kirki ta kan yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai-kyau, amma akwai ciwon da haƙuri kaɗai ba ya warkad da shi. Ciwon damuwa, wanda ya kan hana barci da cin abinci, ya ɗauke wa mutum daɗin kome har makonni, ciwo ne kamar hawan jini, yana kuwa da magani. Amma wanda ya faɗa da bakinsa sai a ce bangaskiyarsa ta yi sanyi, ko an yi masa sammu, ko kuwa a soma kiransa mahaukaci. In sunan nan ya manne wa gida, har ƙannensa mata sai su rasa manema. Wa zai buɗe baki a kan haka?

Na biyu tsoron hukuma ne. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa wadda ta fara aiki a 1960, a sashe na 231, ta yanka wa wanda ya yi ƙoƙarin kashe kansa ɗauri har shekara guda, ko tara, ko duka biyu. Daga Turawa muka gaji wannan, su kuwa suka soke tasu a Ingila tun 1961. Gana ta soke tata a 2023, a 2024 kuma gwamnatin Nijeriya ta bayyana niyyarta ta yin haka. Amma tsoron da aka shekara sittin ana shukawa ba ya fita rana ɗaya. Iyali su kan ɓoye mai-ciwo a ɗaki, su hana shi asibiti, don kada maganar ta kai ga 'yan sanda.

Na uku ƙarancin masu-magani. A 'yan shekarun nan lissafin likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya bai kai 300 ba, ga jama'a kuwa fiye da miliyan 200. Akwai manyan asibitoci a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. An kuma sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Duk da haka mutumin ƙauye sai ya sayad da buhun hatsi kafin ya sami kuɗin mota.

To, shafi bai san sunan uban mutum ba, ba ya kai labari bakin rijiya, ba ya barci, ba ya kuma ɓata fuska. Ashe ba mamaki mai-damuwa ya nufe shi.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Aikin nan ya girmi intanet. A 1935 wani saurayin pasto na Ekklesiyar Ingila, sunansa Chad Varah, ya yi jana'izarsa ta fari a garin Lincoln. Yarinya ce wadda ba ta wuce shekara 14 ba. Ta ga jinin al'ada a karo na fari, ta zaci mummunar cuta ce, ba ta da wanda za ta tambaya, sai ta kashe kanta. Abin bai bar zuciyarsa ba. Ran 2 ga Nuwamba 1953 ya sa waya a ɗakin sujadarsa a Landan, ya sanar cewa duk wanda ransa ya ishe shi ya buga. Daga nan ƙungiyar Samaritans, watau Samariyawa, ta tashi. Ba da daɗewa ba ya lura da wani abu. Masu taimakonsa, waɗanda aikinsu kawai su ba baƙi shayi su zauna da su kafin layi ya zo kansu, su ne su ke yin rabin aikin. Da yawa su kan tashi su koma gida da sauƙin zuciya ba su ma ga paston ba. Abin da su ke bukata kunne ne.

Sa'anda sababbin hanyoyi suka fito, aikin ya bi su. Samariyawa suka soma amsa wasiƙun intanet a 1994. A Ostareliya aka buɗe shafin ReachOut domin matasa a 1998. A Holan wani likita, Jan Mokkenstorm, ya kafa shafin 113 a 2009, inda mutum zai yi taɗi a rubuce da mai-taimako dare da rana ba sai ya faɗi sunansa ba. A Yuli 2022 Amurka ta buɗe lamba 988, wadda a ke bugawa ko a aika mata da saƙo. A ƙasarmu ma ƙungiyoyin Mentally Aware Nigeria Initiative da She Writes Woman suka tashi a 2016, suna tarar matasa ta shafuffukan zumunta, a 2017 kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ya buɗe shirin SURPIN da layukan waya.

Me ya sa wannan ke da amfani? Domin tunanin kashe kai ya fi kama da hadarin damina: ya kan haɗu baƙi ƙirin, ya kan kuma wuce. Binciken likitoci ya nuna da yawa daga cikin waɗanda suka gwada, tsakanin yanka shawara da aikatawa 'yan mintoci ne kawai. Ya kuma nuna wajen tara cikin goma na waɗanda suka gwada suka tsira, ba ta wannan hanya su kan mutu daga baya ba. Kun gani fa, duk abin da ya riƙe mutum ya ƙetare sa'a guda mai-duhu yana iya ba shi shekara arba'in. Idan shafi ne kaɗai ke farke a sa'an nan, to, mu gode wa Allah domin shafin. Wannan ita ce amsarmu ta fari: aikin daidai ne, kada kowa ya rena shi.

Akwai masu cewa addu'a ta isa, me za a yi da shafi ko likita? Amma mutumin nan da kansa, in zazzaɓin sauro ya kama ɗansa, ya kan yi addu'a ya kuma goya shi zuwa asibiti, ba ya ganin ɗayan ya ɓata ɗayan. Akwai kuma masu cewa kashe kai zunubi ne, don haka tsawatawa ta fi lallashi. Gaskiya ne rai na Allah ne, ba mai-iko ya ɗauke nasa. Amma saboda wannan ne ya wajaba mu bi kowace hanya mu tsare shi. Shari'ar wanda ya riga ya tafi tana hannun Mai-shari'a wanda ya san abin da ciwo ya yi wa hankalinsa. Zagin matacce a gaban jama'a ba ya komo da shi, sai dai ya rufe bakin mai-rai da ke zaune a bencin baya da irin wannan tunani.

ABIN DA SHAFI YA IYA, DA INDA YA TSAYA

Likitoci sun auna abin, ba su bar shi a zato ba. A Holan aka gwada wani shiri na mako shida a kan mutum 236 masu tunanin kashe kai, kowa yana karanta darussa a intanet shi kaɗai. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna tunanin ya ragu, amma raguwa kaɗan. A Labanon kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wani shiri a kan 'yan gudun hijira na Siriya fiye da 500 masu ciwon damuwa: darasi biyar a waya, cikin labari mai-hotuna, tare da wani mai-taimako wanda ba likita ba ne, yana tuntuɓarsu kamar minti 15 kowane mako. Rahoton 2022 ya nuna sun sami sauƙi. Amma a irin waɗannan shirye-shirye da yawa su kan fara su watsar, an kuma lura sun fi daurewa in akwai mutum da ke tambayarsu yaya aka kwana.

Wani tsohon gwaji ya ƙara haskaka wannan. Tsakanin 1969 da 1974 wani likita a San Faransisko ta Amurka, Jerome Motto, ya bi mutum 843 waɗanda aka sallama daga asibiti suka ƙi ci gaba da magani. Wajen rabinsu ya riƙa aika musu da 'yar gajeriyar wasiƙa, sau 24 cikin shekara biyar. Ba wa'azi a ciki, ba umurni, gaisuwa ce kawai da cewa ana tunawa da su, in sun so su amsa. A shekara biyu na fari, waɗanda suka sami wasiƙun ba su kashe kansu kamar sauran ba. Takarda da tawada ba su da magani a jikinsu. Abin da ya yi aiki shi ne sanin cewa akwai wani a can wanda bai manta da kai ba.

Haka shafi ya ke. Zaure ne, ba cikin gida ba ne. Baƙon da aka tara a zaure aka ba shi ruwa ya sami alheri, amma in ba maigida a ciki, daren zai same shi shi kaɗai. Darajar kowane shafi tana ga mutanen da ke bayansa, da kuma ko yana kai mai-damuwa wurinsu.

HANYAR DA MAGANI KE BI, DAFI MA NA BI

Wajibi ne mu faɗi ɗaya gefen. A Nuwamba 2017 wata yarinya 'yar shekara 14 ta mutu a Landan. Da aka bincika sai aka tarar cikin wata shida na ƙarshen ranta ta taɓa abubuwa wajen 2,100 a Instagram masu zancen baƙin ciki da cutar da kai da mutuwa, ban da na Pinterest. Da yawa ba ita ta neme su ba. An gina shafuffukan nan domin su riƙe idon mutum, saboda haka in ka tsaya a kan abu ɗaya sai na'urar ta turo maka goma irinsa, ba ta san bambancin mai-neman takalmi da mai-neman mutuwa ba. A Satumba 2022 mai-binciken sanadin mutuwa ya yanka cewa abin da ta gani a intanet yana da hannu a mutuwarta. A 2023 Ingila ta kafa doka domin ta tilasta wa kamfanoni su tsare yara. Yanzu kuma ga na'urori masu amsa magana kamar mutum, waɗanda yara ke kwana suna faɗa musu asirinsu. A 2025 iyayen wani yaro a Kalifoniya suka kai ƙarar wani kamfani a kan haka. Na'ura ta iya jera kalmomi masu-taushi, amma ba ta iya tashi ta zo ƙofar gidanka.

Ba kamfanoni kaɗai ke da alhaki ba, yatsunmu ma suna da shi. An daɗe da sanin cewa labarin kashe kai, in an baza shi da ƙawa da bayanin yadda aka yi, ya kan jawo wasu masu-rauni su kwaikwaya. A Viyana ta Ostiriya, a 1987, aka roƙi 'yan jarida su daina kururuta irin wannan mutuwa da a ke yi a tashoshin jirgin ƙasa na birnin. Cikin 'yan watanni abin ya ragu da fiye da rabi. A 2010 masu-bincike a birnin nan kuma suka nuna kishiyar haka: labarin wanda ya shiga duhu ya fita da rai ya kan taimaki masu-karatu. A Siri Lanka, hana sayad da magungunan gona mafiya dafi ya rage yawan kashe kai da wajen kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. In nisantad da abin daga hannu yana ceton rai haka, to, sanar da sunansa ga dubban mutane ba ƙaramin abu ba ne.

Ku duba fa abin da a ke yi a WhatsApp da Facebook ran da wani ɗalibi ya mutu. Kafin iyayensa su ji, hotonsa ya zaga gari, da wasiƙarsa ta ƙarshe, da sunan abin da ya yi amfani da shi. Kowa ya tura ya rubuta kalmar tausayi a ƙasa, yana ganin ya yi ta'aziyya. Ba ya sanin wanda ke karantawa a ɗakin kwanan makaranta da zuciya a karye. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi kowace wuyar komowa. Mai-bi wanda ba zai ajiye wuƙa kusa da jariri ba, kada ya tura irin wannan saƙo.

NAUYIN DA BA YA SAUKA

Yanzu mu zo ga rabi na biyu na tambayarmu. Akwai wata dabara ta zuciya wadda ya kamata mu yi hankali da ita. Aboki ya rubuto cewa ya gaji da duniya, sai a tura masa adireshin wani shafi, a ce Allah ya sawwaƙe, a kashe waya a kwanta. A ido an taimaka, amma shi abin da ya ji shi ne, kai kayanka gaba. Cikin misalin Basamariye da Ubangijinmu ya bayar, mutumin bai warkad da mai-rauni da kansa ba, ya kai shi masauki ya danƙa wa wani. Amma ku lura, shi ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kwana tare da shi, ya biya, ya kuma yi alkawarin komowa. Miƙa mutum ga wanda ya fi mu sani daidai ne, muddin mun raka shi. Nuni da baki daga ƙetaren hanya kuwa bai bambanta da halin waɗanda suka ratse suka wuce ba.

Akwai kuma maganar amana. Mai-damuwa ya kan ce, zan faɗa maka abu amma ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba. Riƙon asiri wajibi ne, wanda ya kai irin wannan magana dandali ko ya mai da ita abin roƙon addu'a a gaban taro ya ci amana. Amma in rai na cikin hatsari a daren nan, rai ya fi asiri nauyi. Hanyar gaskiya ita ce kada a yi alkawarin da ba za a iya cikawa ba. A ce masa, ba zan baza maganarka ba, amma ba zan bar ka kai kaɗai da ita ba. Zaɓi wanda za mu gaya wa tare. Gara ya yi fushi da kai yana da rai.

Sai kuma waɗanda shafi ba ya kai wa gare su. Yawancin shafuffukan nan da Turanci su ke. Matar da aka yi wa kishiya aka juya mata baya a ƙauye, manomin da bashi ya ci gonarsa, tsohon da 'yan bindiga suka kashe 'ya'yansa, yarinyar da ta yi ciki ba aure tana tsoron gida, nawa ne cikinsu ke da babbar waya da kuɗin data da karatun boko? In Ekklesiya ta ɗora begenta duka a kan intanet, ta zaɓi 'yan birni ke nan ta bar sauran. Afirka kuwa tana da nata darasi a nan. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya soma saukad da masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowa tare da wani danginsa, suna shan magani suna zaune cikin mutane. A Harare ta Zimbabuwe kuma, wajen 2006, Likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna a benci a harabar asibiti su saurari masu ciwon da mutanensu ke kira yawan tunani. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi sauran samun sauƙi ƙwarai. Benci da kaka, wace Ekklesiya ce ta rasa su?

ABIN DA ZA MU YI

To, ya 'yan'uwa, ga shawararmu. Dattawa da shugabannin matasa da na zumuntar mata su nemi shafuffuka da lambobin taimako, su auna su kafin su ba kowa. A duba wa ke bayan shafin, ko sanannen asibiti ne ko ƙungiya mai-suna. A duba ko yana kai mutum ga mai-rai wanda zai amsa. A buga lambar da kai, da rana da kuma da dare, a ji ko ana ɗauka, ko akwai mai jin Hausa. Gama lambar da ba a ɗauka ta fi rashin lamba ciwo. Shafin da ke bayyana hanyoyin mutuwa, ko mai neman kuɗi da alkawarin warkarwa cikin kwana uku, a guje shi. Wanda ya ci jarrabawan nan a rubuta shi a manna a ƙofar ɗakin sujada, tare da sunan asibiti mafi kusa. Matasanmu masu ilimin kwamfuta kuma su haɗa kai da ma'aikatan lafiya su shirya irin wannan bayani da Hausa, a rubuce da kuma a murya, domin marasa-karatu.

Bayan wannan, mu koyi tambaya. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutanen dā, amma fuska ta kan ɓoye, sai a tambayi baki. In ka ga ɗan'uwa ya janye daga mutane, ya bar abin da ya saba so, yana rarraba kayansa, yana cewa ya zama kaya ga iyalinsa, ka keɓe shi ka tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Mutane suna tsoron tambayan nan zai sa masa tunanin, amma bincike ya nuna ba haka ba ne. Sau da yawa sauƙi ya kan ji, gama an buɗe masa ƙofa. In ya ce i, kada ka firgita, kada ka soma wa'azi. Ka zauna, ka saurara, ka kawas da abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti. Gobe ka komo, jibi ma ka komo.

Littafi Mai-Tsarki bai ɓoye mana cewa bayin Allah ma sun kai wannan wuri ba. Annabi Iliya ya zauna a jeji ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, har sau biyu, kafin a yi masa wata magana. Daga baya aka sanar da shi ba shi kaɗai ya rage ba, aka kuma ba shi abokin aiki. Yarin kurkukun Filibi ya zare takobi da tsakad dare domin ya zaci 'yan sarƙa sun gudu. Bai ga kowa ba cikin duhun, murya ce kawai ta fito ta tsai da hannunsa. Amma masu muryar suna nan a ciki, ya sa aka kawo fitila ya gan su, kafin gari ya waye suna zaune a gidansa suna cin abinci tare. Shafi mai-kyau yana iya zama muryan nan cikin duhu. Sauran aikin, watau a same mu a wurin sa'anda aka kawo fitila, namu ne.

Kai kuwa, ya mai-karatu, in kai ne maganan nan ta taɓa, in ka daɗe kana ɗauke da tunanin da ba ka faɗa wa kowa ba, ka ji wannan. Ciwo ne ke gaya maka ba mafita, ciwon kuwa yana da magani, dubbai sun bi ta nan sun fita. In shafi ko waya ne ka iya fara buɗe wa zuciyarka, ka fara da nan, ba laifi. Amma kada rana ta faɗi ba ka gaya wa mutum ɗaya mai-rai ba, ko ɗan'uwa, ko malami, ko ma'aikacin asibiti. In na farin bai gane ba, ka nemi na biyu.

Allah shi ba mu kunnen ji da ƙafar zuwa, shi kuma tsare ran kowane mai-baƙin-ciki a cikinmu har gari ya waye. Amin.